Jijjiga na ɓata wayin mara giya?

Tambaya: Salam Anti, na sayo katan ɗin wayin inabi mara giya a Kasuwar Gumi saboda walimar ƙanwata, keke napep yai ta jijjiga shi har Rigasa, wai ya lalace?

Amsa: Wa alaikissalam ƙanwata, kwantar da hankalinki bai lalace ba. Gas ɗin ciki ne kawai ya tashi, in kika buɗe yanzu kumfa zai feso rabi ya ƙare a leshinki, ki jera su tsaye cikin firji su kwana, sanyi na riƙe gas. Zafi ne ke canja ɗanɗano, dan Allah banda rana ko but ɗin mota. Wajen buɗewa kuma kauda bakin kwalbar daga fuskar mutane, marfin na iya jima ido ciwo.