Waya ce ke lalata wa ƙanena ido da hadda?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Daga wani ƙauye nake a ƙaramar hukumar Ringim. Ƙanena mai shekara 16 ya sayi waya da kaka, tun daga nan ba ya rabuwa da TikTok har tsakar dare. Yanzu yana kukan idonsa na yi masa yaji, in ya ɗago kai sai ya riƙa ganin nesa dishi-dishi, haddarsa ma ta ja baya. Makancewa zai yi ne?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Kwantar da hankalinka ɗan'uwa, wannan ba alamar makanta ba ce. Mutum kan ƙifta ido sau 15 zuwa 20 a minti ɗaya, amma in ya ƙura wa waya ido, ƙiftawar kan ragu da kusan rabi. Ruwan da ke jiƙa ido sai ya bushe, ga kuma ƙurar hunturu, dole a ji yaji. Dishi-dishin kuwa, akwai wata 'yar tsoka a cikin ido da ke ɗaurewa in ana kallon kusa, in ta daɗe a haka ba ta saki nan take. Duk bayan minti 20 ya ɗago ya kalli abin da ya kai nisan mita 6 na daƙiƙa 20, ko da rumbun tsakar gida ne. In ya huta amma har yanzu ba ya ganin rubutun allo a aji, a kai shi gwajin ido, ta yiwu tabarau yake buƙata.

Ni abin da ya fi damuna haddar ce. A 2009 masu bincike a Jami'ar Stanford ta Amurka sun gano cewa masu yawan haɗa kallo da saurare da hira a lokaci guda sun fi shan wahalar kawar da kai daga abin da ke ɗauke hankali. Hadda kuwa tana son a zauna wa aya ɗaya ana ta maimaitawa, shi kuma ya saba da bidiyon da ke sauyawa kafin ya gama dariyar na farko. Ƙwaƙwalwarsa lafiya lau take, sabo ne ya sauya.

Sai babban ɓarawon, wato rashin barci. A cikin barci ne ƙwaƙwalwa ke kafe abin da aka karanta da rana, hasken waya da daddare kuma yana jinkirta sinadarin melatonin mai kawo barci. Yaron da ya kwanta ƙarfe 2 ya tashi asuba, ina tilawa za ta zauna?

Kada ka ƙwace wayar, aron ta abokai zai koma yi. Ku shiga saitin wayar tare, a Android akwai Digital Wellbeing, zai nuna muku awa nawa yake ci a TikTok, nan ne kuma za ku sa wa manhajar iyaka. Bayan sallar isha'i ya miƙa maka wayar, ya karɓa in ya gama tilawar safe.