Igwar da Soja Ke Harbawa da Hannunsa Tana Taɓa Ƙwaƙwalwarsa?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ƙanina soja ne, shekararsa bakwai a sashen manyan bindigogi. Ko ƙwarzane bai taɓa samu a bakin daga ba, alhamdu lillahi. Amma tun da ya zo hutu bara muka ga ya canza: kullum ciwon kai, kunne na yi masa ƙara, ya ajiye makulli ya manta, abu kaɗan sai faɗa, ga rashin barci. An yi masa hoton kai aka ce lafiya lau. A gida wasu na cewa sammu ne, wasu na zargin ƙwaya. Ni kuwa na ji an ce a Amurka ana maganar cewa bindigar da soja ke harbawa da kansa tana yi wa ƙwaƙwalwarsa illa. Gaskiya ne? In gaskiya ne, yaya ake kare su? Daga wata mai karatu.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah Ya ba shi lafiya. Abin da kika ji yana da tushe, sai dai ba ƙarar ce ke yin ɓarnar ba. Ƙara kunne take ci. Abin da ke kai wa ga ƙwaƙwalwa shi ne bugun iska.

Duk sa'ad da abu ya fashe, ko bam ne ko harsashin da ke fita daga bakin igwa, iskar wurin tana dunƙulewa ta zabura ta ko'ina da gudun da ya fi na sauti. Kafin ƙiftawar ido ta zo ta wuce. Tambayi ƙanin naki, zai gaya miki yadda ƙura ke tashi daga ƙasa lokaci ɗaya, haƙora su haɗu, ƙirji ya ji kamar an buga masa buhun hatsi. Wannan bugun ba ya tsayawa a fata. Yana ratsa ƙoƙon kai ya bi ta cikin ƙwaƙwalwa, wadda laushinta bai wuce na awara ba, kuma ba duka sassanta ne nauyinsu ɗaya ba. Inda sashe mai tauri ya haɗu da mai laushi, nan ake samun jijjiga. A 2016 Dakta Daniel Perl da abokan aikinsa na jami'ar likitocin sojan Amurka suka wallafa abin da suka gani a ƙwaƙwalen sojojin da suka rasu bayan sun sha fashewa: tabo a daidai waɗannan mahaɗai, da kewayen ƙananan jijiyoyin jini. Sai da madubin ƙara girma aka gan shi, bayan mutuwa. To kin ga dalilin da hoton asibiti zai iya fitowa tsaf alhali mutum na fama. Hoton CT jini da karaya yake nema, ba irin wannan ba.

Maganar ba sabuwa ba ce. Tun 1915, a Yaƙin Duniya na Ɗaya, likitan Birtaniya Charles Myers ya rubuta labarin sojojin da igwa ta gigita ba tare da ta huda su ba. An yi ta kiran irinsu ragwaye. Ko a kwanan nan, da Iran ta harba makamai masu linzami kan sansanin Ain al-Asad a Iraƙi cikin Janairun 2020, ba sojan Amurka ko ɗaya da ya mutu, amma daga baya sama da ɗari aka tabbatar sun samu rauni a ƙwaƙwalwa. Wannan babbar fashewa ce guda, ta abokin gaba, kowa ya san da ita.

Abin da ya fi dacewa da tambayarki shi ne ƙananan bugu masu maimaituwa, daga makamin da mutum ke riƙe da shi. A 2017 masu igwar M777 ta sojojin Amurka sun yi wa birnin Raƙƙa na Siriya ruwan harsasai dubun dubata cikin 'yan watanni, har bututun igwa biyu suka ƙone. Suna nesa da 'yan IS, da wuya a ce an harbe su. A ƙarshen 2023 ɗan jarida Dave Philipps na New York Times ya bi sawun waɗannan samari, ya tarar da yawansu na fama da mugun mafarki, firgita, mantuwa da gane-gane, wasu ma sun kashe kansu. Haka ake ji daga masu fasa ƙofa da nakiya, da masu igwar morta, da masu rokar kafaɗa irin Carl Gustaf, wadda ke tashi dab da kunnen mai harba ta. Kuma wanda ya fi kowa sha sau da yawa ba kurtu ba ne, malaminsa ne. Kurtu ya harba biyu ko uku ya koma inuwa, shi kuwa saje yana tsaye gefen kowane kurtu tun safe har la'asar, gobe ma haka.

Sai batun kariya. Mutane hular kwano suke fara tunawa. Hular kwano don ɓaraguzai da buguwa aka yi ta, kuma a nan tana ceton rai, amma bugun iska yana iya shiga ta ƙarƙashinta. Abin toshe kunne wajibi ne, gara ma a haɗa na cusawa da na rufewa, sai dai kunnen kawai yake karewa. Kariyar gaskiya tana hannun kwamanda: tazara, ƙidaya da hutu.

Tazara ita ce mafi araha, domin ƙarfin bugun yana faɗuwa da sauri sosai da mutum ya ja baya, taku biyu ma ba abin rainawa ba ne. Bango kuma maƙiyi ne. Bugun yana dukan bango ya dawo ya haɗu da na farko, shi ya sa harbi a lungu, ko cikin rami, ko jikin motar yaƙi ya fi na fili muni. A watan Agustan 2024 mataimakiyar ministan tsaron Amurka ta wancan lokacin, Kathleen Hicks, ta fitar da umarni kan haka. Umarnin ya sa psi 4 a matsayin iyakar da in an wuce ta sai an ɗauki mataki. Psi shi ne ma'aunin da mai faci ke duba iskar taya, tayar ƙaramar mota takan ɗauki talatin da ɗoriya. Kada huɗun ta yi miki kaɗan, domin zuwa ɗaya take yi kamar mari. Umarnin ya kuma tsara nisan da malamai da masu lura za su tsaya daga kowane irin makami, ya ce a kori 'yan kallo daga filin atisaye, a rage harbin da ba dole ba, a yawaita koyo da na'urar kwaikwayo, sannan a daina tsohuwar ɗabi'ar nan ta harbe ragowar harsasai don kawai kada a mayar da su sito.

Ni a ganina lambar nan ta huɗu ba abin jingina ba ce. Asalinta daga binciken fashewar dodon kunne ta fito, ba na ƙwaƙwalwa ba, kuma ba ta faɗin abin da ke samun wanda ya sha psi uku sau ɗari a yini. Yawan bugun ne abin ji. Shi ya sa aka ƙera 'yan na'urori, girmansu bai fi murfin kwalba da yawa ba, soja ya maƙala ɗaya a ƙeyar hula, ɗaya a kafaɗa, ɗaya a ƙirji, suna rubuta duk bugun da ya same shi. Rundunar da ba ta da kuɗin wannan tana da littafi da biro: wa ya harba, wane makami, guda nawa, yau kwana nawa a jere. Da wannan kaɗai za a iya juya mutane, a hana saje ɗaya cinye rabon bataliya.

Akwai kuma gwajin tushe. Umarnin na 2024 ya wajabta a auna tunani, saurin fahimta da riƙe abu na duk sabon shiga, domin in an sake auna shi daga baya a san daga ina ya faro. Tun kafin nan dokar sojan Amurka ta fagen fama ta ce duk wanda ke cikin mita 50 da fashewa sai likita ya duba shi, ya kuma huta awa 24, ko da ya rantse lafiyarsa ƙalau. An mayar da shi dole ne saboda soja ba ya son a ce ya gaza, sai ya haɗiye jiri ya koma bakin aiki. Bugu na biyu kan ƙwaƙwalwar da ba ta warware ba kuwa ya fi na farko illa.

Mu dawo kan ƙaninki. Alamomin da kika lissafa sun yi kama da wannan, amma sun yi kama da firgicin bayan yaƙi, da ciwon damuwa, da raunin ji, da hawan jini, da illar tiramadol ko barasa, kuma sau da yawa biyu ko uku ne ke haɗuwa a mutum ɗaya. Rarrabe su sai an gan shi ido da ido. Ya je wurin likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, a auna masa ji, ya kuma ga likitan tunani, wanda ganinsa ba ya nufin hauka. Addu'a a ci gaba da yi, amma kada ta hana zuwa asibiti, a kuma daina jifansa da zargi, domin zargi sa shi yake ya ƙara rufe baki. Ya rage shan maganin ciwon kai kullum-kullum, shi kansa yana mayar da ciwon ya zama na dindindin. Da yawa suna samun sauƙi in aka gyara barci, aka bi da kunne da damuwa, aka kuma ɗaga su daga bakin igwa na wani lokaci, wanda likitan bariki na iya ba da shawararsa a rubuce.

In kuwa ya fara zancen mutuwa ko gajiya da duniya, ko ya yi farfaɗiya, ko amai ya haɗu da ciwon kan, ko ɓari ɗaya na jikinsa ya saki, wannan ba na jira ba ne: a nisanta shi da makami, a kai shi asibiti a ranar.

Kafin ranar ganin likita, ki zaunar da shi ku rubuta a takarda: waɗanne makamai ya yi aiki da su, shekara nawa, a rana mafi zafi guda nawa ya harba, sau nawa ya ji jiri ko hancinsa ya yi jini bayan harbi, da watan da mantuwar ta fara. Ki kuma raka shi, domin abin da ya manta ke za ki tuna.