Tsofaffin Darussan CGI da Perl: A Bi Su Ko A Bar Su?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na fara koyon gina shafukan intanet, sai na ci karo da wasu darussa na shekarun 1990 da ke koyar da rubuta shiri da yaren Perl, a ajiye shi a wata folda mai suna cgi-bin. Mene ne wannan CGI ɗin, kuma bin irin waɗannan darussa zai amfane ni ko ɓata lokaci ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ra'ayina shi ne ka karanta su domin ka gane yadda burauza (manhajar buɗe shafuka) da sabar (kwamfutar da ke miƙo shafin) suke magana da juna, amma kada ka kwafi abin da ke cikinsu ka ɗora a shafin da jama'a za su shiga.

Lokacin da shafin farko da Tim Berners-Lee ya gina a cibiyar CERN ya fito ga jama'a a 1991, aikin sabar bai wuce a nemi fayil ta miƙo shi yadda yake ba, kowa ya zo abu ɗaya zai gani. A 1993 ne masu aiki a cibiyar NCSA da ke jami'ar Illinois a Amurka suka fito da ƙa'idar CGI, wadda ta ba sabar damar tayar da wani shiri na daban, ta ba shi bayanan da baƙo ya turo, sannan ta mayar wa baƙon duk abin da shirin ya rubuto. CGI ba yare ba ne, yarjejeniya ce kawai, shi ya sa ana iya rubuta shirin da C ko Perl ko wani yaren.

Ga yadda abin ke gudana. Idan baƙo ya cike fom ya aika ta hanyar GET, ɗaya daga cikin hanyoyin aika fom, bayanan suna maƙale ne a ƙarshen adireshin, sai sabar ta zuba su cikin wani ma'aji mai suna QUERY_STRING. Idan kuwa ta POST ya aika, shirin ne zai karanto su da kansa, kuma CONTENT_LENGTH ke gaya masa iyakar abin da zai karanta. Kafin shirin ya rubuta komai na HTML, wato yaren tsara shafi, wajibi ne ya fara da layin Content-Type: text/html, ya bar layi guda babu komai, sannan ya ci gaba. Wannan layin da aka bari fayau ya wahalar da masu koyo ba kaɗan ba, domin wanda ya manta da shi saƙon kuskure mai lamba 500 kawai zai gani, ba tare da wani bayani ba. Haka nan wanda bai ba fayil ɗin shirin izinin aiki da umarnin chmod 755 ba, ko ya tura shi sabar ta FTP (hanyar tura fayil) ba a yanayin rubutu na ASCII ba har alamomin ƙarshen layi na Windows suka ɓata layin farko na #!/usr/bin/perl, shi ma 500 ɗin zai gani.

Abin da ya fi muhimmanci ka lura da shi shi ne, kowace buƙata sabon shiri take tayarwa, kuma da ya gama sai ya mutu bai tuna komai ba. Saboda haka ko ɗan ƙaramin abin ƙirga baƙi da ake yayi a wancan zamani dole ya ajiye lambarsa a fayil, kuma idan baƙi biyu suka shigo lokaci guda ba a kulle fayil ɗin da flock ba, lambar na iya rikicewa ko ta koma sifili. Wannan rashin tunawa ne ya sa Lou Montulli na kamfanin Netscape ya ƙirƙiro kukis (ƙananan bayanai da burauza ke ajiyewa don a gane baƙo idan ya dawo) a 1994, nauyin tayar da shiri a kowane lokaci kuma shi ya haifar da FastCGI da mod_perl, waɗanda ke barin shirin a kunne.

Perl, wanda Larry Wall ya fitar a 1987, ya mamaye fagen ne saboda ƙwarewarsa wajen sarrafa rubutu da kuma samuwarsa a kusan kowace sabar Unix. A 1995 Rasmus Lerdorf ya saki yaren PHP, wanda ya juya lamarin: maimakon shiri ya riƙa rubuto HTML, sai aka koma cusa umarni a cikin HTML ɗin kansa. A shekarar ce kuma Brendan Eich ya samar da JavaScript, wanda ke aiki a cikin burauza.

Matsalar darussan tana wajen tsaro ne, domin yawancinsu an rubuta su da zaton cewa baƙo zai shigar da abin da aka tambaye shi kawai. Sanannen misali shi ne FormMail, shirin aika saƙon fom zuwa imel wanda dubban shafuka suka kwafa. A tsofaffin fitowarsa, adireshin wanda za a aika wa saƙon yana cikin wani ɓoyayyen gurbi na fom ɗin, wanda kowa ke iya sauyawa, sai masu watsa saƙonnin banza suka mayar da sabar mutane kafar aika wasiƙunsu. Darussan PHP na farko ma suna dogara da register_globals, saitin da ke zuba bayanan baƙo kai tsaye cikin shirin, wanda aka cire baki ɗaya a PHP 5.4, da umarnin mysql_query, wanda aka cire a PHP 7 a 2015, kuma sun saba haɗa abin da baƙo ya rubuta kai tsaye cikin umarnin SQL na tambayar rumbun bayanai, wanda ƙofa ce a buɗe ga masu kutse. Darasin JavaScript da ka ga yana gwada document.layers da document.all kuwa, tarihin rikicin burauzar Netscape da ta Internet Explorer ne kawai, ka wuce shi.

Shawarata ita ce ka kunna manhajar sabar Apache a kwamfutarka tare da mod_cgi, sashenta mai tayar da shirin CGI, ka rubuta shiri guda da zai karɓi suna daga fom ya mayar da gaisuwa, ka warware QUERY_STRING da hannunka, sannan ka rubuta alamar HTML a gurbin sunan ka ga yadda za ta ɓata shafin idan ba ka tace ta ba. Sai dai ka sani cewa an fitar da CGI.pm, kayan taimakon rubuta CGI, daga ainihin Perl tun fitowa ta 5.22, yaren Python ma ya cire nasa cgi a fitowa ta 3.13, don haka wasu misalan ba za su tashi ba sai ka girka ƙarin kayan da kanka.