Laimar ce ko tasrihin?

Ɗana, jiya bayan Isha'i ka tare ni a ƙofar ofis: a bayanan alhazan da ka tara, masu laima ba su cika kamuwa da bugun rana ba, to rigireshan za ka yi, wato lissafin da ke jan layi ta cikin bayanai don ware tasirin kowane abu, ko haɗa kowane mai laima da sa'ansa marar laima, don a tabbatar laimar ce ta tsare su?

Ajiye kwamfutar tukuna. Wa ke riƙe da laima a Arfa? A Hajjin 2024, da zafi ya kai digiri 51.8 a Makka, hukumar Saudiyya ta ce mutum 1,301 suka rasu, kashi 83 cikin ɗari ba su da tasrihi, wato izinin aikin Hajji. Marar tasrihi ba tanti mai sanyi a Mina, ba mota, a ƙasa yake takawa rana tsaka. Mai tasrihi kuwa sau da yawa da laimarsa ake ba shi jaka. In ya tsira, wa za ka yaba, laimar ko tantin?

Ta wannan fuskar dabarun naka biyu Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. Ko rigireshan ne, ko haɗa sa'anni ta makin yiwuwa (lambar da ke nuna yiwuwar mutum ya riƙe laima, dabarar da masana lissafi Rosenbaum da Rubin suka kawo a 1983), abin da ka auna kaɗai suke daidaitawa. Na fi son haɗa sa'anni saboda abu guda: in tsohuwa mai ciwon suga ta rasa takwara a ɗaya ɓangaren, za ka gani da idonka. Rigireshan kuwa zai ja layi ya wuce ta kanta, ya miƙo maka lamba tsaf kamar ya sani.

A 1986 masanin tattalin arziki LaLonde ya gwada irin waɗannan lissafe-lissafe a kan shirin koyar da sana'a a Amurka wanda an riga an san amsarsa ta hanyar raba mahalarta da ƙuri'a. Lissafe-lissafen suka yi ta ɓaro kuskure. Wasu masana, Dehejia da Wahba, suka ce a 1999 makin yiwuwa ya gyara, Smith da Todd suka nuna a 2005 cewa da ka sauya samfuri sai lissafin ya goce.

Abin da ba ka auna ba sai da sa'a irin ta likita John Snow a kwalarar Landan ta 1854: kamfanonin ruwa biyu a unguwa ɗaya, ɗaya na ɗebo gurɓatacce, mazauna gidajen da yawa ba su ma san na wa suke sha ba. Irin wannan rabon ba na jin kana da shi a laima.

Koma ka ƙara gurbin tasrihi, shekaru, da tafiyar ƙasa a teburinka. Kawo min bayan Magariba mu ga mutum nawa suka rasa takwara.