Tambaya da Amsa: Kwalejin 'Yan Matan Yahudawa da Karatun 'Yar Malam

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malama. Ni mai sayar da hatsi ne a kasuwar Daura. 'Yata ta fari ta yi saukar Alƙur'ani bara, bana kuma ta gama sakandare, tana son karatun aikin jinya ko haɗa magunguna. Zuciyata ba ta kwanta da jami'a ba, ina tsoron karatun addinin da ta sha wuya a kansa ya zube. Ƙanena ya ce Yahudawa a Amurka suna da kwaleji ta mata zalla da ke haɗa addini da boko. Gaskiya ne? Me ake koyarwa, kuma suna samun aiki bayan sun gama? Daga wani uba a Daura.

AMSA: Wa alaikumus salam Malam. Allah ya sanya albarka a saukar da ta yi, ya kuma saka maka da alheri da ka tsaya yin tambaya maimakon ka rufe ƙofa kawai.

Ƙanenka gaskiya ya faɗa. Wadda ta fi suna ita ce Kwalejin Mata ta Stern, a tsakiyar birnin New York, ƙarƙashin Jami'ar Yeshiva. An buɗe ta a 1954 da kuɗin wani attajiri, Max Stern, wanda ya baro Jamus ya yi arziki a Amurka da cinikin tsuntsaye da abincinsu. Maza suna da tasu kwalejin a wata unguwa can arewacin birnin. Akwai kuma Kwalejin Mata ta Lander, ta Jami'ar Touro. Na san wasu masu karatu ransu zai sosu da jin sunan Yahudawa saboda abin da ake yi wa Falasɗinawa, ni ma abin yana ci mini rai. Amma Malam ya tambayi tsarin makaranta ne, kuma a kansa zan tsaya.

Taken jami'ar da Ibrananci shi ne Torah Umadda, wato Attaura da ilimin zamani. Yarinya tana ɗaukar karatu biyu a lokaci guda. A ɓangare ɗaya akwai littafinsu da tafsirinsa, da harshen Ibrananci, da dokokin addininsu da suke kira halaka, da tarihin al'ummarsu. A ɗaya ɓangaren akwai ilimin halittu, sinadarai, lissafi, kwamfuta, halayyar ɗan Adam, koyarwa, sai kuma akanta da harkar kuɗi ta makarantar kasuwanci ta Sy Syms da aka kafa a 1987. Da yawansu sukan yi shekarar farko a makarantun addini a Isra'ila, a lissafa musu ita cikin digirin. Abin da nake so ka riƙe shi ne, darasin addinin yana cikin sharuɗɗan digiri, yana da jarrabawa da maki. Ba a bar shi sai in an samu sarari ba.

Akwai wata hanyar karatunsu da ta burge ni. Suna da ɗaki da suke kira bet midrash, kuma wanda ya yi Larabci zai ji ƙamshin baiti da madarasa a sunan, don harsunan biyu 'yan uwa ne. A ciki ɗalibai suke zama biyu-biyu, littafi a buɗe, wannan ta karanta, waccan ta ƙalubalance ta, su yi ta kai da kawo har ma'ana ta zauna. A 1977 babban malaminsu, Soloveitchik, ya zo da kansa ya buɗe darasin Talmud a kwalejin, wato babban littafin bayanin dokokin addininsu da a da ake ganin na maza ne. Mu kuwa da muka taso da labarin Nana Asma'u da 'Yan Taru, mace da littafi a hannu ba baƙon abu ba ne a wajenmu.

Batun aiki kuma, tun daga shekarar farko ake fara shi. Mai son likitanci a Amurka sai ta gama digirin farko na shekara huɗu da darussan kimiyya, ta zauna wata jarrabawa ta musamman, sannan ta shiga makarantar likitanci ta sake wasu huɗu. Don haka akwai malamai masu ba da shawara da ke bin ta tun farko, su ce ɗauki wannan darasi, je ki yi aikin sa kai a asibiti, shiga ɗakin bincike a lokacin hutu. Akwai ofishin da ke koya musu rubuta takardar neman aiki da amsa tambayoyin ganawa, ya haɗa su da tsofaffin ɗalibai. Suna zama likitoci, lauyoyi, malamai, akantoci, masu aikin jinya. Kuma suna shiga aikin da addininsu. Daga faɗuwar rana ranar Juma'a zuwa bayan faɗuwar rana ranar Asabar ba sa aiki, kuma a watan Disamba rana takan faɗi a New York wajen ƙarfe huɗu da rabi. Dole yarinya ta iya zama gaban mai ɗaukar aiki ta bayyana masa wannan cikin ladabi, ta nuna yadda za ta rama sa'o'in.

Abu biyu zan ƙara don kada labarin ya yi maka daɗi fiye da kima. Kuɗin karatun ya haura dala 40,000 a shekara, kuma an gina makarantar ne don 'ya'yansu. Na biyu, raba maza da mata a digirin farko ya tsaya. Makarantar lauyoyi ta jami'ar, Cardozo, a haɗe take, haka asibiti da ofis.

To mu dawo gida. Shekara ashirin da ɗoriya ina koyar da 'yan mata a Katsina, kuma abin da na gani shi ne hadda ba jami'a ke cinye ta ba, rashin lokaci tsayayye da rashin abokiyar muraja'a ne. Wata tsohuwar ɗalibata da ta yi karatun jinya ta samu wata 'yar Funtuwa a ɗakin kwanansu. Kullum bayan sallar asuba sai su shimfiɗa darduma a bakin baranda, ɗaya ta riƙe Alƙur'ani ɗaya ta kawo, hizbi guda, kafin a fara layin ɗibar ruwa. Ranar da ta fara aikin dare ta biyo ta gidana da farin kayan aikinta a leda, tana tambayata yadda za ta roƙi shugabar sashe minti goma na sallar isha'i. Muka zauna a tsakar gida muka gwada maganar har sau uku, ni ce shugabar. Yau matan unguwarsu ita suke nema in naƙuda ta tashi, kuma haddarta tana nan.

Shawarata, Malam, ka fara da darussa huɗun da JAMB ke nema a duka fannonin biyu: Turanci, ilimin halittu, sinadarai da fiziks. Ka duba sakamakonta a kansu da idonka. Digirin jinya a jami'a shekara biyar ne, sannan sai lasisin hukumar ma'aikatan jinya da ungozoma. Haɗa magunguna biyar ne ko shida, da shekara guda ta sanin makamar aiki. In nisa ne damuwarka, akwai makarantar fasahar kiwon lafiya nan Daura, da ta jinya a Katsina, da ta ungozoma a Malumfashi. In kuma yanayin addini kake nema, Jami'ar Al-Qalam tana Katsina tun 2005, sai ka je da kanka ka tambayi kwasa-kwasan da aka amince musu.

Kafin a cika fom, ka nemi wata ma'aikaciyar jinya da ka yarda da tarbiyyarta, ka roƙe ta ta zauna da yarinyar da mahaifiyarta, ta gaya musu yadda aikin dare yake, da warin ɗakin haihuwa, da albashi. Sannan ka sa malamin da ya sauke ta ya yanka mata abin da za ta riƙa bita kullum, duk hutu ta dawo Daura ta kawo masa. In ta samu gurbi ka sake rubuto mini, ina da tsofaffin ɗalibai a yawancin makarantun nan, zan haɗa ta da wadda za su riƙa karatun asuba tare.