Ɗana ya tsinto karen titi, in kore shi ko in bari?

Tambaya: Salam malam. Ɗana shekararsa 16, ya bar makaranta ya shiga cikin masu shan tramol a nan Garwa. Watan jiya ya tsinto wani ramammen kare a bakin kasuwa, tun daga nan magariba na yi sai ga shi gida wai zai ba shi abinci. Kawunsa ya ce najasa ne a kore shi. Ya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Don Allah kar ki yi gaggawar korar karen nan. Abin da yaronki ya faɗa ciki da kansa, wasu wurare da gangan suke shirya shi. A jihar Oregon ta Amurka wata malama Joan Dalton ta fara wani shiri mai suna Project POOCH a 1993 a gidan gyaran hali na MacLaren, a ɗauko karnukan da aka yasar a damƙa wa yaran, su za su ciyar su wanke su hore su har a samu mai ɗauka.

Ki duba fa, yaron da kullum ake ce masa ba shi da amfani yau ga wani rai na jiransa a ƙofar gida yana kaɗa bindi, in bai dawo ba da yunwa zai kwana. Kuma kare in ka daka masa tsawa ko ka ɗaga sanda guduwa zai yi, dole yaro ya sassauta murya ya yi ta maimaita abu ɗaya har karen ya gane. Wallahi a aikina da yaran tasha wannan haƙurin shi ne ya fi ba mu wahalar koyarwa.

Batun najasa kuwa, a Malikiyya kare mai rai ba najasa ba ne, sai dai in ya sa baki a kwano a wanke sau bakwai, kuma malamai da yawa sun halatta ajiye shi don gadi. Kawu ya tuntuɓi liman. A ware wa karen kwanonsa da makwancinsa can wajen zaure.

Abin da nake tsoro ciwon haukan kare ne, don in alamunsa suka fito babu magani. Satin nan a kai shi wajen likitan dabbobi a yi masa allura. In ya ciji wani ko ya yakushe shi a wanke wurin da sabulu da ruwa minti 15 a wuce asibiti ranar.

Tramol kuma kare ba zai cire wa yaron ba, yankewa lokaci guda tana wahalar da jiki sosai, sai da likita. Ranar allurar ki sa shi ya riƙe igiyar da hannunsa, a hanyar dawowa ki lallaɓa ki kawo masa maganar nasa asibitin.