Amsa ga ɗan'uwan da ke son haɗa bindiga ɗaya don farauta da harbin gwaji

Assalamu alaikum, ɗan'uwa. Na karanta tambayarka har sau biyu, domin abin da ka zayyana shi ne ainihin abin da ni ma na rubuta a takarda lokacin da na yi niyyar haɗa bindigata mai sakata ta farko, wato irin wadda ake jan ƙarfen sakata da hannu a cusa harsashi a kulle shi kafin kowane harbi. Ka ce kana son guda ɗaya da za ka shiga daji da ita, ka kuma riƙa zuwa filin gwaji da ita a ranakun hutu, kuma zuciyarka ta kwanta a kan harsashin .300 Winchester Magnum da bututu mai kauri na inci 26. Ni na bi wannan hanyar har ƙarshenta, saboda haka ka yi haƙuri da tsawon amsar.

Zan fara da maƙerin da na kai wa aikin, don har yau idan na tuna shi raina yana ɓaci. Na kai masa gidan sakata, wato jikin ƙarfen da sakata ke zirga-zirga a cikinsa, da bututun da ba a riga an yanka masa mazaunin harsashi ba, ya juya su a hannu, ya ce wata uku ya ishe shi. Wata goma sha huɗu na yi ina zarya. Yau ya ce injinsa ya lalace, gobe ya ce yana jiran wani ƙarfe, daga baya ma ya daina ɗaukar wayata, har sai da na je na tarar da kayana a ƙarƙashin teburinsa cikin ledar da na kawo su, ƙura ta rufe su. Da ya ga na nuna zan kwashe kayana, sai ya gama aikin cikin kwana tara, ni kuma saboda ɗoki ban tsaya na tambayi kaina yadda aikin wata goma sha huɗu ya koma na kwana tara ba.

A fita ta biyu zuwa filin gwaji abin ya faru. Tun daga harbin farko na lura da wani siririn zobe mai ƙyalli da ke fitowa a jikin kwanson harsashin da na harba, kusa da gindinsa, amma ban san ma'anarsa ba a lokacin, sai na zuba kwanson a aljihu na ci gaba. Da na ja kunama a harbi na goma sha ɗaya, sai na ji wata iska mai zafi ta bugi fuskata, da wani ƙauri mai shiga hanci, kunnena na dama kuma ya yi ɗif duk da abin toshe kunne da na sa. Na ɗaga sakata, sai gindin kwanson kaɗai ya fito, sauran jikinsa ya maƙale a ciki. Da na cire tabarau na kariya na duba, na ga 'yan ɗige-ɗige baƙaƙe sun cika gilashin dama, daidai inda ƙwayar idona take. Na zauna a kan benci kusan minti ashirin hannuna yana rawa, na kasa ko zuge jakar bindigar. Washegari na kai ta wurin wani maƙeri dabam, ya ciro guntun kwanson, ya saka geji, wato ƙarfen auna zurfin mazaunin harsashi, irin wanda bai kamata sakata ta rufu a kansa ba, sai ga sakata ta rufu sumul ba tare da wata tirjiya ba. Wato mutumin farko ya zurfafa mazaunin harsashi fiye da ƙima, kwanso yana miƙewa har ya tsinke, kuma gwajin da bai fi minti biyu ba ya gagare shi yi. Da na koma masa da guntun kwanson a tafin hannuna, cewa ya yi harsashin da na saya ne ba shi da kyau. Wannan maganar ta fi hayaƙin da ya bugi fuskata zafi.

Don haka ko wane ne zai ɗaura maka bututu, ka tsaya a gabansa ya gwada geji guda biyu da ake auna mazaunin harsashi da su, gajere da dogo, idonka yana gani: sakata ta rufu a kan na farko, ta ƙi rufuwa a kan na biyu. Maƙerin kirki ba zai ji haushin wannan ba. Kada kuma ka taɓa harbi ba tabarau, ko da harbi ɗaya ne.

Sai batun harsashi, wanda a nan nake ganin za ka maimaita kuskurena. Harsashin .300 Winchester Magnum, wanda ya fito a 1963, yana da kyau ga manyan dabbobi daga nesa, amma ba abin da mutum zai zauna a benci ya harba guda arba'in don nishaɗi ba ne. Shurinsa, wato yadda bindiga ke bugun kafaɗa idan ta tashi, ya koya mini mummunar ɗabi'a, har na koma ina runtse ido ina tura kafaɗa gaba kafin kunama ta saki, kuma ban san ina yi ba sai ranar da wani abokin harbi ya ɓoye mini harsashin wasa marar albarushi a cikin na gaske. Na ja kunama, bindiga ba ta tashi ba, amma bakinta ya yi ƙasa kamar na tunkuɗa ta. Kusan shekara guda na yi ina harbi da ƙaramar bindiga mai harsashin .22 kafin wannan ɗabi'a ta sake ni. Idan abin da kake farauta bai wuce girman barewa ba, .308 Winchester da ke kasuwa tun 1952 ya wadatar, ana samunsa cikin sauƙi, kuma bututunsa yana daɗewa bai cinye ba. Idan kana son wanda shurinsa ya fi laushi, akwai 6.5 Creedmoor da kamfanin Hornady ya fitar a 2007, sai dai yana cin bututu da ɗan sauri fiye da .308. Ka dai kula da murɗiyar zanen cikin bututu, wanda ke sa dalmar harsashi ta fita tana juyawa: 6.5 yana son zagaye ɗaya a kowane inci 8 don dogayen dalmominsa su tafi a miƙe, shi kuwa .308 zagaye ɗaya a inci 10 yana yi masa daidai.

Nauyi kuma ba a jin sa a shago. Tawa ta farko, da madubin saiti da komai, ta haura kilo shida. A kan benci abin sha'awa ce, amma ranar da na yini da ita a kafaɗa ina hawa da gangara, maɗaurinta ya ci mini fata, kuma da dabbar ta fito daga ƙarshe, hannuwana sun mutu har na kasa tsayar da saiti, dole na bar ta ta wuce. Wadda nake riƙe da ita yanzu bututunta inci 22 ne mai matsakaicin kauri, duka-duka ba ta kai kilo huɗu da rabi ba. Gaskiya ne cewa siririn bututu yana saurin zafi, bayan harbi huɗu ko biyar a jere sai ka ga harsasan sun fara watsewa a takarda, amma ai kai ba gasa ka ce za ka shiga ba. Ka harba uku, ka buɗe sakata, ka jira bututun ya huce. A daji harbin farko daga bututu mai sanyi shi ne abin lissafi, saboda haka shi nake rubutawa a littafina duk lokacin da na je fili.

Game da gidan sakata ba zan tsawaita ba. Duk wanda aka ƙera a kan zubin Remington 700, wadda ta fito a 1962, ba za ka sha wahalar samo masa ƙota da kunama da mazaunin madubi ba, domin kusan kowa yana ƙera masa kaya. Zubin Savage 110 kuma yana da noti a gindin bututu wanda ke sauƙaƙa sauya shi, amma ko a nan ba a tsallake geji. Na so a ce na yi aiki da tsohon zubin Mauser na 1898 saboda yadda yake cafke kwanso tun daga fitowarsa, sai dai gyaransa yana cin aikin hannu mai yawa, kuma bayan abin da ya same ni ban ƙara sha'awar barin kayana su daɗe a wurin kowa ba.

Wani abin da na raina a farko shi ne zaman ƙarfe a cikin ƙota. Na yi makonni ina zargin bututu saboda harsasai suna yawo sama da ƙasa, ashe ƙotar ce take taɓa bututun ta gefe ɗaya. Ka zura siririyar takarda tsakanin bututu da ƙota, ka ja ta har gindi. Idan ta tsaya a wani wuri, to akwai gyara. Da aka yi wa gidan sakata shimfiɗa da gam mai ƙarfi, aka ɗaure sukurorinsa da ma'aunin ɗauri yadda masu ƙotar suka tanada, sai harsasai uku suka koma faɗawa cikin inci ɗaya a nisan yadi 100, kuma wannan ya fi ƙarfin abin da farauta take buƙata. Kunama kuwa kada ka bi masu gasa ka sassauta ta sosai. Tawa tana sakin harbi a wajen kilo ɗaya da rabi, domin yatsan da ya gaji ko ya yi sanyi ba ya jin abin da yake taɓawa. Kuma ka rage wani abu daga kuɗin bututu ka ƙara a madubin saiti da zobbansa, don ni sai da na sayi madubi sau biyu.

Kafin ka biya kuɗin ko da sukuru ɗaya, ka tabbatar lasisinka ya ba ka damar wannan aikin, domin a wurare da yawa gidan sakata kaɗai doka tana ɗaukarsa a matsayin cikakkiyar bindiga. Ka faɗa mana irin dabbar da kake bi da nisan da ka saba harbi, sannan idan ka zaɓi maƙeri, ka nemi mutum biyu da ya taɓa yi wa aiki ka tambaye su wata nawa suka jira. Guntun kwanson nan yana cikin akwatin kayan gyarana har yanzu, idan kana son ganin yadda zoben yake zan ɗauki hotonsa na turo maka.